Yadda Jemage Ya Zama Mashayin Jini a Dajin Ƙirya

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari, domin tun muna yara ake ce mana mai yin tatsuniya da rana ɓata yake yi. Sai na lura masu yin ta da rana tsaka a gaban jama'a ba ɓata suke yi ba, ƙiba suke yi. Shi ne na ɗauki biro.

A Dajin Ƙirya, shekarar da damina ta yi gardama, jakuna suka fara ramewa. Ciyawa ta ƙare, kaya kuwa bai ragu ba, domin su ke yi wa fada jigilar ruwa da itace. Da Sarki Zaki ya ga ruwan wankansa yana zuwa a makare, sai ya tara majalisa ya ce a nemo dalili. Waziriya Kura, wadda ita ce kuma mai kula da jana'izar talakawa, ta ce ba dai yunwa ba, don yunwa ba ta taɓa taka dajin nan ba tun hawan mai martaba. Lalle akwai mai shan jinin jakuna. Aka kira Aku, Sarkin Labari, aka ce ya duba cikin tatsuniyoyin kakanni ko za a dace.

To, akwai wata tsohuwar tatsuniya a kan Jemage. Gwaggo Aura, jakar da ta fi kowa shekaru a dajin, ta ji ta a bakin kakarta. Wai Jemage ya je gaida surukai, ya tarar da ɓaure ya nuna a tsakar gida, ya kasa haƙuri ya ci kafin ya yi sallama. Surukarsa ta fito ta gan shi da jan baki. Kunya ta sa ya riƙa rataya a reshe kai a ƙasa, ya daina fita sai duhu ya yi. A zamanin uwar Gwaggo labarin ya ƙara ƙiba, aka ce kwando guda ya sace. Dariya dai ake yi a watse.

Aku ya ɗauki labarin ya feƙe shi. Ya cire surukar, ya cire ɓauren, ya bar jan baki da fitar dare. Kafin kasuwa ta zagayo, an sami jakuna bakwai da suka rantse sun ga abin da idonsu. Wani ya ce haƙoransa kamar lauje. Wata ta ce sai da ya yi mata fifita da fukafukai ta yi barci, sannan ya kafa baki.

Ranar taro Waziriya ta hau kan suri, ta gyara murya.

"Ya ku jakuna, ginshiƙan wannan daji, kukanku ya iso fada. Mai martaba bai runtsa ba tun da ya ji. Daga yau kowane jaki zai sami masu gadi goma, kyauta, biyar a bayan kunne, biyar a ƙarƙashin wutsiya. Ba a taɓa yi wa talaka irin wannan gata ba."

Jakuna suka buga kofato. Aka kawo masu gadin cikin ƙwarya, 'yan mitsi-mitsi, a bushe kamar ƙwayar riɗi. Kaska ce. Kowa ya miƙa kunne ya yi godiya.

Sannan aka kawo Baba Jemage, shugaban jemagu. Ya kama reshe ya rataya yadda ya saba, Waziriya ta ce a shaida, ko a gaban sarki ƙafa yake nuna wa sama. Tsohon ya ce haƙoransa uku suka rage, ɓauren ma sai ya nuna luguf yake iya ci. Ya roƙi a tambayi Gwaggo Aura, ita ta san asalin labarin. Gwaggo ta dubi sarki, ta dubi haƙoran Waziriya, ta ce kamar dai akwai maganar ɓaure a ciki, amma tsufa ya ci ƙarfinta. Aka kori jemagu zuwa ƙetaren kogi a ranar.

Wata biyu suka wuce. Mashaya jini sun tafi, rama kuwa ta ƙaru. Masu gadi suka yi ɓul-ɓul kamar 'ya'yan kanya, fada ta ce alamar suna aiki ne. Jakuna suka riƙa faɗuwa a hanyar rafi. Waziriya ba ta taɓa makara wajen jana'iza ba, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin kabari. Da wani jaki ya yi birgima don ƙaiƙayi ya murƙushe masu gadi uku, sai aka kafa doka: birgima cin amanar daji ce.

Amma tambaya ta fara yawo a mashaya. Idan jemagu sun tafi, wa ke sha? Sai Aku ya sake fitowa da labarin. A sabon zubi, mashayin jinin yana rikiɗa da rana. Yana da dogayen kunnuwa, bakinsa ya yi furfura, kuma yana yawan ambaton ɓaure. Jakuna suka fara matsawa idan Gwaggo ta zo shan ruwa.

Ta tare Aku a bakin rafi da la'asar.

"Ɗan nan, a bakin wace kaka ka ji wannan?"

"Gwaggo, labari kamar ruwa ne, siffar ƙwarya yake ɗauka," in ji Aku, yana kallon gefe. "Ƙwaryar kuwa ba tawa ba ce. Gobe da hantsi za a kira ki fada. Waziriya ta ce ba sai kin zo da guzuri ba."

Gwaggo ta ce ta gode da ya faɗa mata, aƙalla wannan bai feƙe shi ba.

Washegari ba ta jira ɗan aike ba. Ta iso ƙofar fada lokacin da jakuna ke layin sauke ruwa, sarki na shan hantsi, Waziriya na gefensa tana sakace. Ta wuce kai tsaye zuwa jujin da ake zubar da tokar fada. Ta durƙusa a hankali saboda gwiwa, ta kwanta, ta juya dama, ta juya hagu, ƙafafu huɗu a sama. Aka ji tas, tas, tas, har sau goma. Ta miƙe ta kakkaɓe jiki. Farar tokar nan ta yi ja wuri goma.

Jakuna suka daɗe suna kallon tokar. Can na farkon layi ya sauke tulunansa a hankali, ya nufi juji. Na bayansa ma ya sauke.

Sarki ya dubi Waziriya. Waziriya ta dubi Aku. Aku ya buɗe baki, ya ƙirga jakunan da ke layi, ya mayar ya rufe.