Baƙuwar da Turare Bai Kora Ba

Ko zan manta da duk abin da aka koya mini a kwalejin nan ta Doha (kuma wallahi na manta da kaso mai tsoka), ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na je cin abinci gidan su Shaiha ba. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai ina tsakiyar wanke-wanke, sai in ajiye soso in rufe fuska, alhali ba kowa a kicin ɗin sai ni.

Kwalejin tamu 'yar ƙarama ce, irin wadda za a koya maka tarihi da safe, falsafa da rana, da yamma kuma a ce je ka yi zane. Kafin wata guda ka san fuskar kowa. A hotunan talla za ka ga ɗalibai daga ƙasashe barkatai sun kama kafaɗar juna suna dariya a kan ciyawa. Ƙasashen kam suna nan, amma shiga ɗakin cin abinci ka ga yadda ake zama. 'Yan Indiya da Pakistan suna bakin taga da robobin abincinsu na gida. 'Yan Masar da Labanan sun kama tsakiya, su ne sarakan hayaniya. 'Yan matan Katar suna can kusurwa cikin baƙaƙen abaya, ƙamshi na tashi. Ni kuwa ni kaɗai ce Bahaushiya a makarantar. Teburina shi ne duk wanda na tarar babu kowa a kai.

Ban san mutum na iya yin kewar a ce masa "sannu da zuwa" ba sai da na zo garin nan. Ranar Asabar nakan tafi Kornish in yi ta yawo a bakin ruwa ina baza kunne, ko zan ji wani direba ko mai gadi yana waya da Hausa. Na taɓa bin wasu 'yan Zangon Ghana su biyu har wajen jiragen katakon nan, ba don komai ba sai don suna musu da Hausa a kan wanda ya cinye wa wani shinkafa da wake. Umma ta bugo waya ta ce, "Auta, kin yi ƙawaye kuwa?" in ce, "Da yawa ma, Umma." Allah Ya yafe mini.

Ana nan sai wani malami ya haɗa mu aikin rukuni: ni, da Tasnim 'yar Sudan mai bakin tsiya, da Shaiha 'yar gari. Da muka gama aikin, rannan na ɗauko tirena zan wuce, sai Shaiha ta jawo kujera a teburin kusurwa ta ce in zo in zauna. Ba a jima ba kuma ta ce kakarta tana gayyatar ƙawayenta cin abincin rana ranar Juma'a, har da ni. Ƙawayenta fa ta ce! Na kwana ina goge abaya a raina. Abin da nake tsoro ɗaya ne: kada in yi wani abin da zai sa a janye mini kujerar nan.

Muka je mu biyar. Kakar, wadda kowa ke kira Yumma, tsohuwa ce 'yar ƙanƙanuwa, da abin rufe fuskar nan mai ƙyalli na tsofaffin matan garin. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta da Larabcina na Islamiyya, ta yi dariya ta shafa kaina. Aka kawo shinkafa da naman rago a wani ƙaton faranti, muka ci da hannu. Aka kawo gahawa da dabino. Duk abin da Tasnim ta yi shi nake yi, ko tari ta yi sai in gyara murya. Har nan lafiya ƙalau, na ci jarrabawa.

Sai ga mahaifiyar Shaiha ta shigo da kaskon turare, hayaƙi na tashi.

To, a nan ya kamata in faɗa muku ko ni 'yar wace ce. Ummata 'yar Maiduguri ce, aure ya kawo ta Kano. A cikin hayaƙin turaren wuta aka haife ni. A gidanmu idan baƙuwa ta zo, ruwa ake fara ba ta, sai kasko ya biyo baya. Turare a wurinmu ma'anarsa ki cire mayafi, ki miƙe ƙafa, gida naki ne. Ƙamshin nan yana dukan hancina na ga ɗakin Umma: gadon ƙarfe, kabbasar turara kaya da zannuwa a kai, tana fifita garwashi da murfin kwano. Hawaye suka kawo. Na ce a raina, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ga abu ɗaya a ƙasar nan da ba sai na kwaikwayi kowa ba.

'Yan matan suka riƙa karɓar kaskon ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta turara mayafinta a gurguje ta miƙa gaba, ta jawo jakarta. Ni ko da ya zo hannuna? Na cire abaya na ninke. Na ajiye kasko a gabana na lulluɓe shi da mayafi, na turara gashi, na turara wuya, na turara hammata (e, a gaban Yumma). Na jawo matashi na jingina, na miƙe ƙafa, na ce da Shaiha, "Faɗa wa Yumma yanzu na san na zo gida."

Shaiha ta fassara. Tsohuwa ta dube ni, ta ce, "Hayyakillah," wato lale marhabin.

Na ga sauran suna miƙewa suna sallama, na ce a raina kai, yaran nan ba su da tarbiyya, a yi muku turare ku kama hanya? Tasnim ta tsaya a bakin ƙofa tana ta ƙifta mini ido. Na ce, "Je ki kawai, zan taho da tasi." Ta juya ta fita.

Ni kuma na buɗe lakca. Na ba su labarin yadda Umma ke jiƙa itacen da sukari da mai ta rufe a kwalba har ya tsumu. Na yi bayanin hawi, na yi na gajiji, na faɗa humra. Shaiha, baiwar Allah, tana fassarawa tana satar kallon agogo. Mahaifiyarta ta fita ta dawo cikin wata doguwar riga mai duwatsu, da sarƙa da jan baki, kuma ga kasko a hannunta da sabon garwashi. Na ce, "Masha Allahu! Har an ƙara?" Na karɓa da hannu biyu. Na ce ko a Maiduguri ba kowane gida ake yi wa baƙo turare sau biyu ba, lallai su mutanen kirki ne.

A waje mota tana ta hon. Na ce, "Maƙwabtanku ba su da haƙuri."

Da aka sake kawo kaskon, yanzu kam hayaƙin har ya fara hana ni ganin Yumma, sai ƙofa ta buɗe. Tasnim ce. Ashe har ta kai babban titi ta sa aka juyo da ita. Ta gaishe su da murmushi, ta tsuguna kusa da kunnena, ta ce, "Ke! Tashi. A nan in an kawo turare, an sallame ki ne. Har karin magana gare su: bayan turare babu zama. Baikon 'yar'uwarsu za su je. Hon ɗin da kike ji babansu ne, tun ɗazu yake cikin mota."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Rashin sani ya fi dare duhu. Wato sau uku ana korata cikin mutunci, ni kuma sau uku ina godiya. Na miƙe zumbur, na zura abaya a baibai, na kasa gano takalmina ƙafa ɗaya. Ban san da wane harshe na yi sallama ba, Tasnim dai ta rantse wai da Hausa na yi ta cewa "ku yi haƙuri" har mota. Ta yi dariya har ta shaƙe. Ni kuka na yi, don na san kujerata ta tafi.

Makon da ya biyo baya ban taka ɗakin cin abinci ba. A matakalar bayan laburare nake cin biskit. Abayar kuwa ta ƙi rabuwa da ƙamshin, duk inda na juya abin kunyata na biye da ni. Na ba Umma labari ina jiran ta lallashe ni, sai na ji ta saki salati, ta kira 'yar'uwarta Anti Falmata ta ce in maimaita daga farko.

A matakalar nan Shaiha ta same ni. Na fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Yumma ce ta aiko ni. Ta ce ina yarinyar nan da turare ba ya kora? Ta ce tun tana amarya take ƙona turarenta mai tsada, kowa ya shaƙa sai ya hau neman takalmi. Ke kaɗai kika shaƙa kika tuna uwarki." Ta ɗauki jakata ta rataya. "Yalla, abinci na hucewa."

Na koma gidan, da kwalbar turaren Umma da aka aiko mini ta hannun wani mai zuwa. Daga ranar aka sauya mini tsari. Ina shiga ake kawo kasko. Idan kuma lokacin tafiya ya yi, Yumma ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Khalas, 'yar Najeriya, tashi ki tafi!" Ban taɓa jin kora mai daɗin wannan ba. Haka muka yi har na gama makaranta.

Zuwana na ƙarshe, ana jibi zan dawo gida, na zauna na zauna ba a kawo kasko ba, ba a kuma buga sanda ba. Aka yi la'asar, aka kira magariba. Na ce, "Yumma, yau babu turare?" Ta kau da kai ta ce gawayi ya ƙare. A gidan da ake sayen gawayi buhu-buhu! Ni na sallami kaina ranar, kuma na fi jin zafinta a kan waccan Juma'ar.

Yanzu ina Kano. Tasnim tana wata ƙasar, Shaiha ta yi aure, teburin kusurwa wasu yaran ne a kai. Ina kewarsu ƙwarai, ina kewar tsohuwar nan har cikin ƙashina. Darasin da na koya dai shi ne, in ka je garin mutane aka miƙo maka abin da ka tabbata ka sani, nan ne za ka fi buɗe ido, ka duba ko jama'a takalmi suke nema. Guntun itacen turaren da Yumma ta cusa mini a jaka ranar yana nan, ban ƙona ba. Ina tsoron in kunna in rasa ko zama zan yi ko tashi.