Yadda Za Ka Gina Tsaunin Jirgin Wasa da Kayan Miyar Matarka

Kai mai son ƙaramin jirgin ƙasanka ya ratsa tsauni da daji a kan tebur, matso kusa. Wannan hanya ba ta taɓa ba wa kowa kunya ba. Da ita Kálmán, tsohon direban jirgi, ya ci gasar ƙungiyarmu ta masu jiragen wasa a garin Szolnok, kuma har yau yana numfashi.

1. Manta da shago
Ciyawar roba ta 'yan koyo ce. Gwani kicin yake shiga. Jira matarka ta tafi kasuwa tukuna.

2. Ƙasa da daji
Dusar kofi ita ce ƙasar noma. Soson wanke-wanke kuwa, yayyaga shi ka tsoma a koren fenti, ga daji ya samu. Da Piroska, matar Kálmán, ta nemi sosonta, cewa ya yi, "Ni da soso? Haba Piroska, tambayi kyanwa." Haddace wannan amsa, kyanwa ba ta musu.

3. Jar ƙasar gefen tsauni
Nan ake gane maza. Kálmán ya gwada fenti, ya gwada alli, duk suka fito kamar gyambo. Sai idonsa ya faɗa kan gwangwanin garin tattasai, wanda surukarsa Etelka ke shanyawa a bakin rufi, ta niƙa da hannunta, sau ɗaya a shekara. Shafa gam, barbaɗa da rariya. Kai, abin sai wanda ya gani! Alƙalan gasa na atishawa suna yabo.

4. Ɓatar da sawu
Kada ka bar gwangwani fanko. Daka jan bulo, tankaɗe, cika shi taf. Kalar ɗaya ce, duk wanda ya ce da bambanci ɗan hassada ne.

5. Ranar Lahadi
Surukarka za ta zo cin gulash, wato farfesun nama da tattasai, Kálmán ya manta da haka. Ya shigo da kofin gasa a hammata, ya tarar an zuzzuba farfesu ja wur, babu ƙamshi ko kaɗan.

Etelka ta kai cokali baki, haƙoranta na roba suka ce ƙaras.

"Piroska, 'yata," in ji ta, "tattasaina bai taɓa yin ƙara ba."

Piroska ta sauka ɗakin jiragen, ta shinshina tsaunin, ta cicciɓo shi da rami da gada da komai, ta ɗora a kantar kicin tsakanin gishiri da tafarnuwa. Sannan ta turo wa mijinta tukunyar.

"Wancan kayan miya ne, nawa ne. Wannan kayan gini ne, naka ne. Ci, Kálmán, kada ya huce."

6. Tauna a hankali
Ka kuma yaba girkin, Mama na kallo.

Gargaɗi: ba ruwana da haƙoranka, cikinka ko aurenka. Tsaunin Kálmán na nan a kicin, sai da izini yake ganinsa, in ya gama wanke-wanke da sabon soso. In an tambaye ka wa ya koya maka, ka ce kyanwa ce.