Rasuwar Berit, Kifin Robar Rune Almkvist

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda haushi ya cakuɗa da shi, Rune Almkvist na sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da ɗaukacin 'yan ƙungiyar masu fatsa ta bakin tafkin nan rasuwar Berit, kifin robar da ya shekara tara yana jefawa ruwa a bakin ƙugiya don yaudarar kifi. Ta rasu ranar Asabar da hantsi a cikin tukunyar narka roba ta ƙungiya, a gaban mutum goma sha ɗaya masu shan kofi da burodin kirfa. Ko ɗayansu bai ɗaga kai ba.

An haifi marigayiyar a garejin Folke Almkvist, yayan Rune, wanda ya zuba ta a mazubi da hannunsa. Tsawonta taƙi guda. Bayanta kore ne irin na gansakuka, cikinta fari, da ɗigon ja a ƙarƙashin haɓa. Yadda ya haɗa wannan koren, Folke bai taɓa gaya wa kowa ba, har ƙanensa. Su shida aka zuba rana ɗaya. Duwatsun ƙasan tafki suka riƙe uku, kifayen gedda masu haƙoran nan suka tafi da biyu, Berit kaɗai ta yi tsawon rai. Sunan wata malamarsu ta firamare Folke ya sa mata, wai tafiyarsu iri ɗaya.

Marigayiyar baiwar Allah ce mai haƙuri. An jefa ta ruwan da ya kusa daskarewa, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. An cije ta, an yage ta, Rune ya gasa bakin wuƙa ya liƙe ta sau ba adadi, ta koma bakin aiki. Ita ta jawo geddar nan mai kilo goma sha ɗaya da hotonta ke jikin bangon ɗakin ƙungiya, a inda wasu ke tsayawa suna ba baƙi labari kamar da su aka ja. Ba ta da surutu. Iyakar maganarta a duniya ita ce tsulum ɗin da take yi idan ta faɗa ruwa.

Amma babban aikinta ba a tafki ta yi shi ba. Shekara uku ke nan Folke yana gidan kula da tsofaffi, mantuwa ta cinye shi. Ba ya gane Rune. Duk Lahadi da ƙarfe biyu Rune zai shiga, Folke ya dube shi kamar mai gyaran famfo ne ya zo, sai Rune ya sa masa Berit a tafin hannu. Tsohon ya juya ta, ya shafa tabbanta da babban yatsa, can sai ya ɗago ya ce, "Kai Rune, uban wa ya koya maka liƙi? Dubi yadda ka ƙona mata wutsiya!" Shi ke nan, ƙofa ta buɗe. A yi rabin sa'a ana hira, ana zagin juna, wa da ƙane. Rune ya gwada hotuna, ya gwada waƙoƙin da, ya gwada kifin robar kanti. Berit kaɗai ke iya wannan aiki.

Ciwon ajalinta gajere ne. Ranar Juma'a wata ƙaramar gedda da ba ta kai a soya ba ta tsarge mata wutsiya. Rune ya kawo ta ɗakin ƙungiya don ya liƙe, ya tarar sanyi ya ƙandare masa yatsu, sai ya kwantar da ita a kan benci ya ce da safe. Da safen ya biya a sa wa motarsa tayoyin hunturu, layi ya riƙe shi. Ya manta Asabar ɗin ce ranar narki.

Kowa ya san al'adar. Ba a jefa yagaggen kifin roba a tafki, don kifi na haɗiye shi ya kumbura masa a ciki. A kwandon bakin ƙofa ake tarawa, ƙarshen kaka a narka a zuba sababbi a raba. Abin takaicin, Folke ne ya kawo wannan al'ada, shi ya sa Rune ba shi da bakin zaginta. To amma Folke yakan zauna ya ware kore daban, fari daban, ya ɗaga kowane ya tambaya ko da mai shi. Sabon shugaban ƙungiya, Hampus Ekdahl, mutum ne mai son a gama da wuri. Ya juye kwando a tukunya, ya sa hannu ya share benci, ya juya da ludayi.

Da Rune ya iso, hayaƙi ya riga ya cika ɗakin.

"Hampus, ina abin da na bari a kan bencin nan?"

"Koren nan? Haba dattijo, ai ka san doka. Abin da ya yage, tukunya."

"Ka tambayi wani?"

"In tambayi wa? Roba ce fa! Ga sababbi nan da zafinsu, kwashi goma ma in kana so."

Roba ce fa. Mutumin da ko tsinke bai taɓa kamawa da abin da ya zuba ba, shi ne mai wannan magana. Sauran kuwa, waɗanda Folke ya koya wa ɗaurin ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuya yana binciken ƙasan kofinsa.

Marigayiyar ta rasu ta bar 'ya'ya ɗari da arba'in, dukansu kalar laka, don abin da ake samu ke nan idan aka haɗa launuka a tukunya ɗaya. Ta bar gurbi a akwatin fatsa. Ta bar Rune, mai shekara saba'in da huɗu, da Folke, wanda har yanzu ba a gaya masa ba.

Jiya Lahadi Rune ya zaɓi ɗaya daga cikin marayun, wanda ya ga kamar da ɗan kore a gefensa, ya kai wa Folke. Folke ya juya shi, ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Wane sakarai ne ya zuba wannan?"

"A ƙungiya aka yi, Yaya. Berit na ciki."

Folke ya dube shi da ladabi, ya mayar masa da abin, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Bawan Allah, in za ka bi ta bakin tafki, ka kai wa ƙanena Rune. Shi duk abin da aka ba shi karɓa yake. Ka ce masa ya kwana biyu bai leƙo ni ba."

Rune ya ce zai faɗa masa. Ya zauna rabin sa'ar nan cur, Folke na kallon taga.

Game da jana'iza, babu gawar da za a ɗauka. Ba za a kai ragowarta tafki ba, doka ta hana, ba kuma za a binne ba, ƙasa ba ta cin roba. Duk wanda aka ba rabonsa na 'ya'yan laka ya riƙe abinsa, iyalan ba sa buƙata. Ba a son furanni, ba a son kati, kuma an yafe wa shugaban ƙungiya zuwa.

Za a yi zaman makoki duk Lahadi da ƙarfe biyu a gidan kula da tsofaffi, ɗaki na ƙarshe a hannun hagu. Mai makokin zai kasance a kujerar kusa da gado. Alfarma ɗaya yake roƙo: duk wanda ya zo masa ta'aziyya, idan ya miƙa masa hannu, ya kira sunansa da ƙarfi, ya ce Rune, yadda Folke zai ji.