Ranar da Na Ce wa Mai Gari Zero

Ba zan taɓa mantawa da shekarar farin nan da damina ta yi mana rowa a Damagaram ba, kuma ba don yunwar kaɗai ba, har da abin kunyar da na tafka da bakina. Lokacin ina saurayi, wata uku kacal na yi ina koyon rubuta porogram a wata 'yar makaranta cikin gari, amma tafiyata ma ta canza. Ordinater, wato kwamfuta, a hammata, kowa na haɗu da shi kallon na baya nake yi masa. (Ordinater ɗin ma ta yayana ce, batirinta ba ya kai rabin awa.)

Wata ƙungiya ta unguwarmu ta samu taimakon gero da dusar dabbobi, za ta kai wani ƙauye bayan Mirriya. Sakatarenta Baba Bukar, tsohon malamin lakwal, makarantar boko ke nan, shi ke riƙe da sunayen gidajen a littafinsa. Ba wanda ya tambaye ni, na tsoma baki na ce, "Baba, wannan aikin hannu ai zamaninsa ya wuce. Ba ni sunayen, na'ura za ta fitar wa kowane gida katinsa, da Hausa ma." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To ɗana, Allah ya ba da sa'a."

Katin dabbobi bai ba ni wuya ba, don mushe, malaminmu, ya riga ya ba mu misali a aji. Akwai abin da ake kira kilas, wani tsari da kake zanawa sau ɗaya, duk abin da ya fito daga cikinsa ya zo da kamanninsa. Kilas ɗin mushe sunansa Dabba: yana da suna, da ƙafa huɗu, da ƙaho biyu, da abinci. Da na zo kan mutane sai lalaci ya raɗa mini cewa ai an koya mana gado, wato wani kilas ya gaji wani, ya kwashe duk abin da ke cikinsa ba sai ka sake rubutawa ba. Na sa Magidanci ya gaji Dabba, na cire dusa na sa gero, na karkaɗe hannu. Na manta wanda ya gaji gona har ƙayar cikinta ya gada. Sunayen kuma na zuba su a tablo, jerin gurabe ne kowane suna da gurbinsa, na ce wa na'ura ta fara daga na ɗaya ta tafi har ƙarshe, yadda kowane mai hankali ke ƙirga.

Abin da ya cinye mini lokaci modil ne, wani ƙunshin aiki da wasu suka riga suka rubuta, kai dai ka kira shi ya jera maka kati. Na kira, ya ƙi zuwa. Kwana biyu ina zagin na'ura, ashe fayil ɗina na raɗa wa suna iri ɗaya da na modil ɗin, porogram yana ta kiran kansa kamar mai sallama a ƙofar gidansa yana jiran a amsa. Kafin in gano, ranar tafiya ta zo. Na buga katunan da safe a gurguje, ko ɗaya ban karanta ba. Katin gidaje arba'in suka fito, aka loda buhun gero arba'in a mota. Baba Bukar ya ce, "Bari mu gwada da littafi tukuna." Na ce, "Baba, na'ura ba ta mantuwa, mutum ne ke mantuwa." (Gaskiya na faɗa, ban dai san da kaina nake ba.)

Mun tarar da mutanen ƙauyen a ƙarƙashin gawo. Rumbuna sun daɗe da zama fanko, mata har sun fara jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ba a waiwayarsu sai wuya ta yi wuya. Mai gari, wani dattijo siriri, ya tarbe mu da ruwa, yana ba da haƙuri wai babu fura.

Baba Bukar ya ɗauki katin farko ya karanta da muryarsa ta aji: "Suna, Idi. Ƙafa, huɗu. Ƙaho, biyu. Abinci, gero buhu ɗaya." Idi ya miƙe ya dubi ƙafafunsa ya ce, "Malam, biyu dai na zo da su. Sauran biyun a wajen wa zan karɓa?" Wuri ya kece da dariya, mata har da tafawa. Ni ma na yi yaƙe. Baba Bukar kuwa da gayya bai tsallake wa kowa ƙafa ko ƙaho ba har kati na arba'in. Na ce a raina, to, na sha kunyata ta yau, an gama.

Ba a gama ba. Buhuna suka ƙare, mota ta zama fayau, mai gari na zaune kan tabarmarsa ba komai a gabansa. Ya bari dariya ta lafa, sannan ya ce a hankali, "Malam Bukar, ko ni ba na cikin masu jin yunwar ne?"

Nan take na gane. A al'ada sunan mai gari ake fara rubutawa, shi ne na farko a littafi. Ita kuwa na'ura daga zero take fara ƙirga gurabenta, ni na ce ta fara daga ɗaya. Ta bi umarnina, ta tsallake shi. Gidaje arba'in da ɗaya ne.

Mai hankali da sai ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ni sai na miƙe zan yi bayani. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba raini ba ne. A wajen na'ura kai ba na ɗaya ba ne, kai zero ne."

Ko wanda bai taɓa shiga lakwal ba ya san zero, shi ake ba daƙiƙin aji. Baba Bukar ya zame hularsa ya rufe fuska. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mai gari bai ɗaga murya ba, ya ce, "Yaro, ita na'urar daga zero take farawa?"

"E, ranka ya daɗe."

"Kai kuma ka san da haka?"

"An koya mana."

"To me ya hana ka fara daga inda take farawa?"

Wata uku ina zama gaban mushe, ga tsohon da bai taɓa danna ordinater ba ya gyara mini porogram yana zaune kan tabarma. Sai dai gyaran bai haifi buhu ba, kuma a mota ba sauran gero ko ƙwaya. Gidansa zai kwana da yunwa saboda ni.

Idi ne ya kwance bakin buhunsa ya ciko tiya, kwanon awon nan, ya ce, "Bari mai ƙafa huɗu ya fara." Ɗaya bayan ɗaya kowane gida ya kawo tiya guda. Baba Bukar ya miƙo mini buhun da ba komai ya ce, "Riƙe bakin, wannan ba ya buƙatar na'ura." Na tsaya riƙe da shi har tiya ta arba'in, ina kallon masu yunwa suna rage abincin 'ya'yansu don su toshe ɓarakar da na yi. Wannan ta fi dariyar yi mini ciwo.

Yanzu duk jerin da na fitar sai na sa yatsa na nemo sunan farko kafin in miƙa, in kuma na yi kuskure, haƙuri nake fara bayarwa, bayani ya jira. Amma har yau in na shiga kasuwar Mirriya ba na rasa mai ɗago mini hannu daga nesa yana cewa, "Mushe Zero, ina gajiya?" Amsawa nake yi, don ni na raɗa wa kaina.