Yadda Na Daka Gero a Bikin Isuhu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka je ɗaukar amaryar Isuhu a Keita ba, kuma da ni za a bi, da tuni duk garin ya manta.

Bari ku fara sanin ko ni wane ne. Lokacin da wasan harbin nan na salula ya shigo Madawa, wanda ake sauke mutane da lema a kan tsibiri kowa ya nemi bindiga, babu fadar shayin da ba ta san ni ba. Kwamanda ake ce mini. In na kwanta cikin ciyawar wasan ina dakon abokin gaba, ko maciji sai ya bi ta kaina bai sani ba. Samari na ganin na shigo sai su fice, su ce rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke. (Matata ta ce rabin labarin nan ƙarya ne, amma ba ta faɗi wane rabin ba.)

Daga baya noman albasa ya ɗauke ni zuwa Sabon Gida, salular kuma ta faɗa rijiyar lambu. Na daɗe ina fama da 'yar ƙarama mai tocila. Dab da bikin na sayi sabuwa, na sauke wasana, ban tambayi kowa inda duniya ta kwana ba.

Isuhu ɗan kawuna ne, don haka ni aka sa gaba cikin abokan ango. Da la'asar muka isa gidan amarya, ƙawayenta suka tare ƙofa kamar yadda aka saba. Babbarsu, wata Ramatu da ke karatu a Tawa, ta ce, "Ba mu son goro, ba mu son alewa. Huɗu namu, huɗu naku, wasan harbi. In kun ci, ku ɗauki amarya. In mun ci, shugabanku shi daka muna geron hura nan tsakar gida kahin ta hito."

Daɗi ya kusa kashe ni. Na ce, "'Yan mata, ku nemi gafarar iyayenku. Yau Keita za ta yi makoki."

Lawali, babban abokin ango, wanda don girmamawa yake ce mini Tonton, wato kawu, ya jawo hannun rigata. "Tonton, ka dai san wanga na yanzu..."

"Lawali, ina harbi tun kana koyon tuƙin moto. Ba ni lambar ɗakin wasan kurum."

Ya karanto mini lambar. Na koma can gindin itacen bedi ni kaɗai (kwamanda ba ya zama cikin ƙananan soja), na toshe kunnuwa da ekutar, abin jin sautin nan. Na sa lambar, ta ƙi shiga. Na sake, ta ƙi. Na ce rezon Keita ne, tsakanin duwatsun nan ko sallama sai ta makara. Sai kawai na danna fara wasa, ai in na sauka tsibiri zan gan su.

Jama'a, ban taɓa yin wasa irin na ranar ba. Ina dira na samu bindiga mai madubi. Na farko na same shi yana gudu yana karo da bango, na ce wannan Ramatu ce, na sauke ta. Na biyu ya tsaya yana kallon sama. Na uku ma har baya ya juya mini, don ladabi. Ina harbi ina kirari, ina dukan cinya, hulata ta faɗi ban kula ba. Na hango Lawali yana ɗago mini hannuwa biyu, na ɗauka jinjina ce, na mayar masa. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina yadda 'yan mata huɗu suka zama mutum goma sha wani abu ba.

Da alamar nasara ta fito, na miƙe na baza babbar riga, na cire ekutar, na ce da ƙarfi, "A fito mana da amarya!"

Abokan ango duk kansu a ƙasa.

Lawali ya ce, "Tonton, mu ukku muka yi. Sun share mu tun ɗazu. Kai ina ka tahi?"

Ramatu ta karɓi salulata ta duba, ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta miƙa gaba. Sannan Ramatu ta ce, "Ayya, Tonton. Wanga wasa ai mun bar shi tun ina koleji. Yana cinye data, yana sa salula zahi kamar dutsen guga. Kowa ya koma sabon. Waɗanga da ka kashe ba mutane ba ne, inji ne ka zuba su don kada tsohi su ji kaɗaici."

Aka mirgino turmi.

Na tuɓe babbar riga na kama taɓarya. Bugun farko, rabin geron ya tashi sama, kaji suka yi biki. Kakar amarya ta jawo tabarma kusa da ni ta zauna tana cewa, "Angona, da ƙugu aka yi, ba da baki ba." 'Yan mata na tafi suna bin bugun taɓaryar, mai kalangu ma ya shigo ciki ba wanda ya kira shi. Direban motar amarya ya gaji ya kashe inji. Sai da tafukana suka yi bororo tsohuwar ta taɓa garin, ta ce da tsaki-tsaki amma a yafe mini. Bidiyon da 'yan matan suka ɗauke ni kuwa ya riga amarya isa Madawa.

Na yi zuciya, na sauke sabon wasan, na kwashe watanni ina koyo a ɓoye har na ƙware. Ran nan na je fada na ce wa Lawali ya kira mini 'yan Keita, ramuwa nake so. Ya ce ai wannan ma an bar shi, wani ake yi yanzu.

Darasin da na ɗauka shi ne, kafin ka tambayi wa za ka harba, fara tambayar ko mutane suna nan. Sannan duk namijin da ya haura arba'in yana cika baki gaban 'yan matan zamani, ya koyi daka tun a gida.