Motar da Ba Ta da Igiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan jikata a Limawa, ranar da na yi kishi da kara. E, karan dawa.

Yayan jaririyar, Abba, shekararsa biyar a lokacin. Abokina nake ce masa. Amma tun da ɗaya kakan nasa, Malam Ndagi, manomi daga wajen Gidan Kwano, ya haɗa masa motar kara mai tayoyin tsohon silifas, yaron nan ya daina hawa cinyata. Ko na kira shi sai ya ce, "Kaka, ina aiki." Sati guda na kasa zama wuri ɗaya. Na zaga kasuwa sau uku kafin na samo mota mai batir, ja, mai fitila da jiniya, wadda ake tuƙawa daga nesa. (Matata ta tambaye ni ko ta yaro ce ko tawa.)

Ana shafa addu'a, maza na zaune a tabarmi a ƙofar gida, na kira Abba. Da ya ajiye motar karansa don ya karɓi kwalin, sai na sa ƙafa na ture ta bayan duro. Na ji ƙas. Na yi kamar ban ji ba.

Ya juya sabuwar motar, ya leƙa ƙarƙashinta.

"Kaka, ina igiyarta?"

"Wannan ba ta son igiya, abokina. Da kanta take tafiya."

"To ni me zan yi?"

Aka yi dariya. Na ce bari in nuna masa. (Mai shagon ya koya min, amma ni ko wayata jikoki ke buɗe min.) Na danna maɓallin na'urar tuƙata. Motar ta zabura da jiniya, ta bi ta tsakanin ƙafafun liman, ta kifar da farantin goro, ta faɗa kwata. Na tattare babbar riga, na durƙusa, na zura hannu har gwiwar hannu.

Ina nan a durƙushe na ji muryar Abba a kaina. Bai ko kalli tawa ba. Tasa ce a hannunsa, ta rabe biyu.

"Kaka, kai ka taka min. Na gan ka."

Malam Ndagi ne ya matsa ya yi min wuri a tabarma, ya zaro 'yar wuƙa da guntun kara daga aljihu.

"Alhaji, zo ka zauna. Wanda ya fasa, shi zai gyara. Riƙe nan."

Haka na zauna da hannun riga yana warin kwata, ina soka tsinke inda aka nuna min. Taya ɗaya ta fito a karkace. Abba ya ja motar, ya dawo, ya haye cinyata ya ce, "Ba ka iya ba, amma gobe ma ka zo."

Tun ranar, duk abin da zan saya wa yaro sai na fara duba ko yana da wurin ɗaura igiya. Ita kuwa jar motar tana saman sif ɗina. Matata ta ce ai daman ta isa hannun mai ita.