Ranar da Na Tuɓe wa Surukina Malafa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ba ni aron kaki ba. Ko na so in manta ma, mutanen Rogo ba za su bar ni ba.

A shekarar ne ruwan damina ya cinye gadar da manomanmu ke bi su kai gyaɗa kasuwa. An kai kuka har an gaji, sai aka yanke shawarar yin tattakin lumana zuwa sakatariya. To amma kowa ya san yadda abu ke dagulewa in an haɗu da jami'an tsaro, don haka aka gayyato wata lauya daga Kano, Barista Rabi, ta koya mana yadda ake yi. Muka taru a filin wata firamare a Karaye.

A lokacin kuwa an sa ranar aurena da Hadiza, 'yar Malam Sule na Rogo Ruma. Mutumin nan ko daga nesa na hango shi sai in sake hanya don kunya. In ta kama dole mu gaisa, a tsugune nake, idona a ƙasa. Takalmansa na fi sani a kan fuskarsa.

Barista ta ce, “Ko an zage ku, kada ku rama. In an ture ku, ku zauna a ƙasa, ku riƙe hannun juna, ku sunkuyar da kai.” Sannan ta ce za a gwada a gani, tana son wanda zai fito a matsayin jami'in tsaro, mai zafi, ya auna haƙurin jama'a.

Kafin ta rufe baki na miƙe. (Bari in faɗa muku gaskiya: na sha neman aikin soja ana koro ni saboda gajarta, abin yana nan yana cina.) Aka ba ni wata tsohuwar rigar kaki da guntun kara a madadin kulki, da ledar ruwa wai ita ce barkonon tsohuwa. Wallahi ina ɓalla maɓallin ƙarshe na ji tafiyata ta canza.

Jama'a suka zazzauna, kawuna a sunkuye. Na shiga tsakaninsu ina daka tsawa: “Kai! Wa ya ba ku izini? Ku watse!” Har da Turancin da ban san ina da shi ba. Barista tana gyaɗa kai, ni kuwa kaina yana ƙara kumbura.

Sai na hango wani dattijo a tsakiya, ya rufe fuska da ƙatuwar malafa, ko motsi ba ya yi. Na ce yauwa, ga wanda zan nuna bajinta a kansa. Na zungure shi da kara. Shiru. Na ce, “Tsoho, ba ka da aikin yi ne a gida? Gadar ta gidanku ce?” Shiru. Na fasa ledar ruwan na tsiyaya masa a wuya, sannan na sa karan na yi sama da malafar.

Wayyo ni! Kafin in ga fuskar, takalman na gani.

Malam Sule ya ɗago kai, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya ce a hankali, “Ranka ya daɗe, ofisa, mu gada kawai muke nema.”

Ban san lokacin da na zube a gabansa ba, da kakina da komai, ina cewa, “Baba, ina wuni? An zo lafiya? Ya mutanen gida?” Filin nan ya kece da dariya, wani har da birgima. Barista ta ce, “Ofisa, ba a gama ba fa!” Ni kam na gama. Na bar karan a wurin na bi bayan aji, ina ji a jikina aure ya tafi.

Kwanaki ban leƙa Rogo Ruma ba. Ranar tattakin ma can baya na maƙale, kuma abin haushi, 'yan sandan gaske da suka zo, gaishe da dattawa kawai suka yi, aka miƙa koke aka watse lafiya. Duk garin ba a samu jami'i mara mutunci ba sai ni.

Daga ƙarshe kawuna ya tasa ni gaba muka je ban haƙuri. Malam Sule ya bari har kawu ya gama dogon bayaninsa, sannan ya ce, “Ai malamar cewa ta yi ko an zage mu kada mu rama. In na hana shi Hadiza, na rama ke nan. A ba ofisa matarsa.”

Aka ɗaura aure, amma sunan ya bi ni. Yau ko 'ya'yana ana ce musu 'ya'yan Ofisa. Hadiza kuwa, da na ɗan ɗaga murya a gida sai ta zauna a ƙasa, ta sunkuyar da kai, ta ce, “Ranka ya daɗe, mu cefane kawai muke nema.”

Tun daga nan na koyi darasi: in an ba ka kaki, ko na aro ne, kafin ka ɗaga kulki ka fara duba takalman mutane.